Wa Zai Fassara Kunkurun Masaƙi?

Mu uku ne muke aiki tare tun bayan da muka gama karatun kwamfuta a jami'a. Ɗaya ɗan Ƙanƙara ne, ɗaya iyayensa suna wani ƙauye a ƙasar Faskari, na ukun kuma a Sabuwa aka binne cibiyarsa. Sana'armu rubuta manhaja. Muna zaune a Zariya, mukan karɓi aiki daga mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, mu yi, su biya, kowa ya kama gabansa.

A farkon shekarar 2020 irin wannan aiki ya shigo hannunmu daga arewacin Turai. Shago ne da ke sayar da zaren ulu da takardun da ke koya wa mutum yadda zai saƙa rigar sanyi, ƙulli bayan ƙulli. An rubuta takardun da harshen Denmak, masu shagon kuma suna son su fara ciniki a ƙasar Aislan. Namu aikin shi ne mu gyara shagon nasu na intanet yadda mai saye zai zaɓi harshen da yake so. Da muka ga yawan rubutun, sai muka ba matar da ke kula da aikin shawarar da duk mai sana'armu zai bayar: a zuba shi cikin injin fassara, a sa wani ya duba sama-sama, a wuce wurin.

Ba ta yarda ba. Ta ce mai fassara take nema wanda ya iya harsunan biyu, kuma shi kansa yana saƙa. Dalilinta shi ne, in aka kuskure kalma ɗaya a bayanin saƙa, mace za ta yi sati uku tana aiki, ta ƙare da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma daga ranar ta bar sayen zarensu. Mun ajiye waya muna dariya. Wani cikinmu ya ce wannan ai neman jaki mai ƙaho ne.

Kafin sati ya zagayo ta gaya mana ta samu. Ba ma guda ɗaya ba. Masu fassara ne masu zaman kansu, kowa ya rubuta fannin da ya ƙware a kai, wannan shari'a, wancan magani, wasu kuma zane da sana'ar hannu. Ta gwada su da takardar saƙa ɗaya, ta ɗauki wadda ta kama wani kuskuren lissafin ƙulli da ke cikin rubutun asali.

Abin ya tsaya mana a rai, har muka shiga binciken wace irin ƙasa ce wannan. Tsibiri ne mai sanyi, mutanensa ba su kai dubu 400 ba. Sun daɗe ƙarƙashin sarautar Denmak, sai a 1944 suka zama jamhuriya, shi ya sa har yanzu ake koya wa yaransu harshen Denmak a makaranta. Suna da kwamitocin da ke ƙirƙirar kalmomi ga kowane fanni, da rumbun kalmomin sana'o'i da kowa zai iya dubawa. Ko kwamfuta ba su ari sunanta ba. Suka haɗa kalmarsu ta lamba da ta mace mai duba, suka ce “tölva”.

Sai muka duba gida. A ƙidayar 2006, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa in an haɗa su sun haura mutum rabin miliyan. Ƙananan hukumominmu uku kaɗai sun fi ƙasar Aislan yawan jama'a. Muka tambayi juna: in yau wani ya ce yana neman mai fassara daga Hausa zuwa Turanci wanda ya san saƙa ko jima ko ginin tukwane, wa za mu nuna masa? Ba wanda ya amsa. Muka bar maganar, don a lokacin ba ta shafe mu ba.

Yankinmu ƙasar auduga ce. Tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, ga injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Kafin injin, hannu ne ke yin komai. Dukanmu ukun mun tashi mun ga kakanninmu mata suna gurzar auduga a kan dutse, su shiɓe ta da bakan shiɓa, su shafa alli a yatsa su murza mazari. Ranar kasuwa za ka ga masu tabarma da faifai a gefe guda, maƙera da tulin fartanya da lauje a wani gefen, ga tuluna da randuna an jera, ga dukawa da kube da zabira. Mun ga duk wannan, amma kallon ɗan makaranta muka yi masa, wanda hankalinsa ke kan ya gama ya tafi birni.

Abin da ya dawo da hankalinmu gida ba abin daɗi ba ne. Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin daji, biyu suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da Birnin Gwari. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji sunan garin. An sako su bayan kwana shida, amma ƙauyukan da aka tasa ba su koma ba. Cikin waɗanda suka gudo Funtuwa da Ƙanƙara da Malumfashi akwai masu sana'ar hannu da muka sani tun muna yara. Gona ta gagara, kasuwar ƙauye ta mutu, abin da ya rage musu shi ne abin da hannunsu ya iya.

A nan muka ga inda iliminmu zai yi rana. A 2021 muka buɗe ɗan shago a intanet don sayar da kayansu ga 'yan birni da mutanen ƙasashen waje. Tsarin mai sauƙi ne. Ƙannenmu da ke gida su ɗauki hoton kaya, mai kayan ya yi bayani da bakinsa a saƙon murya, mu rubuta, mu juya shi zuwa Turanci. Gina shagon bai ɗauke mu wata guda ba. Juya bayanin ne ya nuna mana iyakarmu.

Da injin fassara muka fara, kamar yadda muka ba waccan matar shawara. Wani marini ya ce zanensa da baba aka rina shi. Injin ya rubuta cewa mahaifi ne ya rina zanen. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin a baki karin sauti ne ya raba baba na rini da baba mahaifi, mu kuma ba ma nuna karin sauti a rubutu. Wata mata ta kawo babban masaki mai zane. Injin ya ce muna sayar da mai saƙa, don ya saba ganin rubutun waya inda ake rubuta masaƙi ba lanƙwasa a kan harafin. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Uwar maƙera ta zama mahaifiyar maƙera. Fartanya da hauya da garma da sungumi duk suka koma kalma ɗaya ta Turanci, alhali manomin da ya je shuka da garma maimakon sungumi zai zama abin dariyar gari. Tulu da randa da talle da kasko su ma suka haɗu a kalma guda.

Muka ce to, mutum za mu nema. Muka sanar a wuraren da masu fassara ke neman aiki, muka tambayi abokai a jami'o'i. Mutane suka zo, kuma ba ragwaye ba ne. Akwai wanda ya yi shekaru yana fassara saƙonnin rigakafi ga ƙungiyoyin agaji, akwai mai fassarar labarai, akwai wanda ya juya manhajar waya zuwa Hausa. Ka ba su rubutu kan zaɓe ko zazzaɓin cizon sauro, kafin ka sha shayi sun gama. Amma da muka ba su bayanin masaƙi, sai aka shiga lalube.

Daga baya muka gane dalili. Fassara a ƙasar Hausa kusan kullum shigowa take yi. Hukumar Fassara da aka kafa a Katsina a 1929, kafin a mayar da ita Zariya, aikinta juya littattafai zuwa Hausa don makarantu. Sashen Hausa na BBC tun 1957 labaran duniya yake kawo mana cikin harshenmu. Malamanmu sun daɗe suna fassara Larabci. Har fina-finan Indiya an sa su suna Hausa. Mun ƙware wajen nemo wa abin baƙo suna. Fitar da namu waje kuwa, da sunansa da bayaninsa, kaɗan ne suka taɓa samun wanda zai biya su su yi. Mai fassara inda ake biya yake ƙwarewa, ba wanda ya taɓa biyan kowa don ya san allira da ƙoshiya.

Duk da haka muka ɗauki mutum ɗaya, Turancinsa tsaf. Shi ya fassara bayanin wani gwado da wani tsohon masaƙi ya saƙa. Tsohon daga wani ƙauyen Faskari ya gudo, yana zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya na haya a Funtuwa, ya kafa masaƙarsa a lungun gidan. Mai fassarar ya kira gwadon da kalmar Turanci mai nufin bargo, ya ƙara da cewa yana da kyau da ɗumi. Wata mata a Ingila ta saya. Muka yi murna, muka kira tsohon muka ce ya sa ran kuɗinsa.

Bayan 'yan makonni matar ta rubuto a fusace. Ta ce bargon ulu ta zata don sanyin hunturu, sai ga auduga mai tauri. Abin da ya fi ɓata mata rai kuwa, ta ce an yi masa faci daga sama har ƙasa, layi-layi, kamar an harhaɗa ragowar ƙyallaye an ɗinke. Ta nemi kuɗinta. Muka mayar mata, kuɗin aikawa ya tafi a banza. Tsohon mun biya shi daga aljihunmu, muka yi niyyar mu rufe maganar. Amma yaron da ke kai masa saƙo ya riga ya faɗa masa.

Da muka je gaishe shi, bayan an gama gaisuwa ya ce, “Samari, me ta ce ya sami gwadon?”

Muka yi ta kewaye-kewaye. A ƙarshe ɗayanmu ya ce, “Baba, cewa ta yi wai an yi masa faci.”

Ya yi shiru har muka ji nauyi. Sannan ya ce, “Faci. Tun ina ɗan yaro nake kan masaƙa, ba a taɓa ce wa aikina faci ba. Ku ba ku gaya mata sirara ake saƙa shi, kamar faɗin tafin hannu, sannan a haɗa ba? Ai haɗin nan shi ne aikin. Ku duba ku gani ko layin wannan ya saɓa da na wancan.”

Muka duba. Bai saɓa ba ko da ƙwayar gero. Ba mu gaya mata ba, don mu kanmu ba mu taɓa lura ba. Mun kwana cikin gwado a ɗakin kakanninmu shekara da shekaru, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi shi ba. Abin da ya fi komai daraja a jikin kayan shi ne mai saye ta ɗauka aibu, saboda ba wanda ya fassara mata shi. Ranar muka tuna da matar shagon ulu da dariyar da muka yi mata.

Ba a jima ba aka sake. Wani baduku ya ce jan da ke jikin jakarsa na karan dafi ne. Aka fassara shi kalma da kalma, sai ga mai saye yana tambaya ko gubar da aka shafa wa jakar za ta cutar da yaro in ya kai ta baki. Karan dafi kuwa wata irin dawa ce da ake nomawa don jan da ke jikin ɓawon karanta, dukawa suna rina fata da shi tun kaka da kakanni. Da an ce masa launin daga jikin dawa aka samo shi, kuma da bagaruwa aka jeme fatar, da shi zai roƙe mu mu sayar masa.

Muna cikin wannan sai abubuwa suka ƙara dagulewa. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta kafa dokar tsaro. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, namu ukun duk suna ciki. Shagon da muka gina kan saƙon murya ya tsaya cik. Watanni ba ma jin kowa sai wanda ya hau mota ya fito inda akwai sabis.

A cikin waɗanda muka rasa muryarsu akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane daga ƙasar Sabuwa. Inna muke ce mata. Kwana kaɗan kafin a katse layi ta aiko da saƙo tana bayanin wani tulu. Ta faɗi inda take ɗebo yumɓu, da yadda take cakuɗa shi, da yadda take goge jikin tulun da dutse kafin gashi. Sai ta ambaci sunan wani ado da take yi a wuyansa. Daidai nan injin niƙa ya tashi a maƙwabta, kalmar ta nutse. Muka ce gobe ma kira mu tambaye ta. Da layi ya dawo, aka ce mana an tashi garinsu, ta gudu wurin 'yarta, rashin lafiya ta kama ta a can, Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta. A rumbun bayananmu gurbin sunan wannan ado har yau fayau yake. Mun kunna wa maginan tukwane da dama saƙon, kowa ya ce a garinsu ba haka ake yin wuyan tulu ba.

Rashin Inna ya canja yadda muke kallon aikin. Da a wurinmu fassara matsalar ciniki ce, a gyara bayani don kaya su shige. Yanzu muka ga kalmomin kansu suna cikin hatsari. Sunan abu a wurin da ake yin abin yake rayuwa. In aka tashi ƙauye, masaƙi ya koma dako a tasha, ɗansa ya koma acaɓa, to allira da takala da kwarkwaro sun rasa bakin da zai furta su.

Muka sake fita neman mai fassara, amma wannan karon da gwaji, irin na matar shagon ulu. Jimla ɗaya muke aika wa kowa, daga bakin tsohon masaƙin: in kunkuru ya yi nauyi da yawa zare zai tsinke. Mafi yawa suka dawo mana da dabbar nan mai ƙoƙon baya. Wasu kaɗan suka ce jimlar ba ta yi musu ma'ana ba, suna son ƙarin bayani. Waɗannan mun riƙe lambarsu, don wanda ya san bai sani ba ana iya aiki da shi.

Wanda ya ci gwajin ba ta intanet muka same shi ba. Kawun ɗayanmu ne ya ce mu je wurin wani malamin Turanci da ya yi ritaya, mutumin ƙasar Faskari, shi ma yana Funtuwa. Muka karanta masa jimlar, sai ya fashe da dariya. Ya ce, “Kai, rabona da jin wannan tun rasuwar mahaifina.” Ya bayyana mana cewa kunkuru shi ne abin da ake ɗora wa dutse a ɗaure ƙarshen zaren tsaye a jikinsa, can nesa da masaƙi, don zaren ya miƙe. Masaƙi na saƙa yana naɗe ƙyalle a takala, kunkurun na jawowa a hankali a ƙasa yana matsowa. Tafiyar tasa ce ta ba shi sunan. Ya ɗauki biro ya rubuta wannan da Turanci cikin layi biyu, duk wanda ya karanta zai ga abin a idonsa.

Mahaifinsa masaƙi ne. Shi ke naɗa masa zare a kwarkwaro kafin ya tafi makaranta. Ya ce a makarantar kwana ana hukunta wanda aka kama yana Hausa, shi kuma yana ɓoye wa abokansa sana'ar gidansu. Shekara talatin da wani abu yana koyar da Turanci, ba a taɓa tambayarsa wani abu da ya shafi masaƙa ba. Muka ce, “Malam, ai kai muke nema tun bara.” Ya ce, “Saƙa na sani. In kuka kawo mini jima ko ƙira, ni ma ɗan kallo ne. Sai dai ku zaunar da ni da mai abin.”

Wannan maganar tasa ita ta zama tsarinmu. A Aislan mutum ɗaya ne ya iya saƙa ya kuma iya harshen waje, domin makaranta ba ta raba shi da sana'ar gidansu ba. A wurinmu ilimin ya rabu gida biyu. Mai abin bai yi boko ba, ɗan bokon bai san abin ba. To sai a shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Malam yakan je maƙera ya zauna gefen zugazugi, yana tambaya ana nuna masa, wannan awartaki, wannan masaba, ga bambancin bakin fartanya da na magirbi. Ba ya rubuta kalma sai ya riƙe abin a hannunsa.

Kayan mata kuwa sai mace, don ba kowane gida namiji baƙo zai shiga ba. Muka sami wata ɗaliba mai karatun Turanci, mahaifiyarta tana saƙar faifai, kakarta tana kaɗi. Ita ke shiga wurin masu tukwane da masu zanen ƙwarya. Ta gaya mana ranar farko da ta zauna tana yi wa kakarta tambayoyi kan abawa da arafiya, tsohuwar ta ce, “Ke kuma yau me ya same ki? Ko aure za a yi miki gidan masaƙa?”

A hankali muka tsayar da 'yan ƙa'idoji. Na farko, ba ma canja wa kaya suna. Gwado gwado ne, luru luru ne, tulu tulu ne, sai bayani ya biyo baya: da me aka yi shi, yaya aka yi, me ake yi da shi a gida, me kuma ba zai yi ba. Bayanin gwado yanzu yana faɗa ƙarara cewa auduga ce kaɗin hannu, ba ulu ba ce, sirara aka saƙa aka haɗa, kuma daidaituwar haɗin ita ce alamar gwani. Na biyu, ba ma biya da lissafin kalma kamar yadda aka saba a kasuwar fassara, don kalma ɗaya kan ci awa guda. Kowane kaya da kuɗin bayaninsa, ana raba shi tsakanin mai fassara da mai sana'a, domin shi ma iliminsa ya bayar. Na uku, mun gyara manhajarmu yadda ba za ta bar ƙ da ɗ da ɓ su ɓace ba, kuma kowace kalma muna ajiye ta da muryar wanda ya faɗe ta da sunan yankinsa. In mutumin Ƙanƙara da na Sabuwa suka saɓa a sunan abu, duka biyun muke ajiyewa.

Ƙa'idar farko tana da dalili a tarihi. Ɗaruruwan shekaru ana jeme fatar jar akuya a Sakkwato da Kano, ayari ya ratsa Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Turawa suka yi ta rufe littattafansu masu tsada da ita, suna kiranta fatar Maroko. Kayan sun isa, sunan masu shi bai isa ba. Wanda ya tsaya a tsakiya yana magana da mai saye, shi ya tafi da yabon. Ba ma son gwadon Faskari ya isa Ingila da sunan bargo.

Littattafai sun taimaka. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmomin sana'a masu yawa daga bakin mutanen wancan zamani, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Malam yakan duba su ya tabbatar da abin da ya ji. Sai dai ƙamus zai ba ka ma'anar kalma, ba zai gaya maka abin da zai ba mai saye mamaki in ya buɗe ƙunshin ba. Wannan sai wanda ya san kayan ya kuma san idon baƙo.

Ba za mu ce shagon ya azurta kowa ba. Ciniki kaɗan ne, kuɗin aikawa waje na da tsada, hanyoyin yankinmu kuma har yanzu sai da addu'a. Masu fassararmu biyu ne kacal, ɗaya ya haura shekara sittin. In wani ya zo yau yana neman jerin masu fassarar sana'ar hannu daga Hausa, ba mu da jerin da za mu ba shi. Amma tun da muka gyara bayanin ba a sake dawo mana da gwado ba. Wani da ya saya daga baya ya rubuto yana tambaya ko za a gaya masa ƙyallaye nawa aka haɗa a nasa. Muka kai wa tsohon tambayar. Ya gyara zama ya ce, “To, wannan ya san abin da ya saya.”

Muna da roƙo ga mai karatu, musamman wanda ya yi boko kuma akwai sana'a a gidansu. Wayar da kake karanta wannan da ita tana naɗar murya. In kakarka na kaɗi, ko kawunka na ƙira, ko maƙwabcinku da ya gudo daga ƙauye baduku ne, ka zauna da shi. Ka tambayi sunan kowane abu da ke gabansa, da amfaninsa, da yadda ake gane mai kyau. Ka rubuta da haruffa masu lanƙwasa. In kana jin Turanci ko Faransanci ko Larabci, ka gwada bayyana abu ɗaya yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai gane. Wanda ya yi haka wata shida ya mallaki ƙwarewar da muka yi shekara muna nema da kuɗi a hannu ba mu samu ba.

In kuma wata kalma ta shige maka, injin niƙa ya tashi ko yaro ya yi kuka, ka dakatar da mai maganar ka ce ya maimaita a nan take. Mu mun ce sai gobe.